Oba-obar Maman Marvel

Na san Rita Meshach tun shekarar da aka turo ni koyarwa a makarantar firamare ta Tungar Gwaska, wani ƙauye da ke bayan Kwali, can tsallaken rafi. Sunana Kauthar, 'yar Kano ce ni, kuma ranar da na sauka daga babur a garin ban san kowa ba. Shagon maganinta ne wuri na farko da na shiga, ciwon kai ya kai ni. Ta dube ni, ta dubi takalmina da laka ta cinye, ta ce in zauna. Ba ta sayar mini da komai ba. Ta ba ni ruwa da dafaffiyar doya, ta ce yunwa ce da rana suka haɗu mini, ba ciwo ba. Daga nan muka saba.

Mutanen gari ba sa kiranta Rita. Maman Marvel suke cewa, da sunan 'yarta tilo da ke makarantar kwana. Gajeriya ce mai jiki, tana tafiya da sauri kamar kullum akwai wanda ke jiranta. Gbagyi ne harshenta na gida, Hausa kuwa a kasuwa da coci ta koye ta, saboda haka a bakinta mota namiji ce, gada ma namiji, kuma ba wanda ya taɓa kasa gane abin da take nufi.

A nan aka haife ta. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, mahaifinta manomin doya, ya rasu tana ƙarama. Yayanta Mato ne ya riƙe gidan. Shi ya dage sai ta yi karatu, ya riƙa kai ta Kwali a bayan keke, har ta gama sakandare ta shiga makarantar koyon aikin lafiya. Daga nan ta samu aiki a wani babban shagon magani a unguwar Gwarinpa, cikin birni. A can ta haɗu da Meshach, mutumin Filato, direban da ke kawo musu kaya. Bayan sun yi aure ya sayi akori-kura tasa ta kansa, ya koma ɗaukar doya da tukwane daga ƙauyukan Kwali zuwa kasuwannin birni. Ita kuma ta ce ta gaji da Gwarinpa, inda kowane layi akwai kemis, alhali a garinsu sai mace ta hau babur ta tsallake rafi kafin ta samo wa ɗanta maganin zazzaɓi. Ta dawo gida ta buɗe nata. Meshach ya kama ɗaki a Kwali saboda a can lodi yake, yana zuwa mata ƙarshen mako.

Tsakanin Tungar Gwaska da hanyar Kwali akwai wata 'yar gada ta siminti, mai ƙasa-ƙasa, wadda ruwa ke haurewa idan damina ta yi nisa. Mutane sun saba da hakan. Idan ruwa ya rufe ta, sai a buga wa Jacob waya, wani masunci da ke zaune a ɗaya tsallaken, ya taho da kwalekwalensa ya yi fito. Haka ake yi tun da sabis ya shigo garin.

Shekarar da abin ya faru, cikin watan Agusta, an yi wata iska da ta kayar da ƙarfen sabis ɗin da ke ba yankinmu baki ɗaya. Ruwa ya biyo baya ya rufe gada. Ana cikin wannan hali, da hantsi, kububuwa ta sari Mato a ƙafa yana cirar ciyawa a gonar doyarsa. Aka ɗauko shi zuwa shagon Rita. Ta yi abin da ta sani. Ta kwantar da shi, ta hana ƙafar motsi, ta kori masu son tsagawa da reza da masu son ɗaure cinya da tsumma. Amma allurar dafin maciji ba kayan shagon ƙauye ba ce, sai asibiti. Duk mai waya ya fito da ita yana ɗagawa sama, babu ko alamar sabis. Aka je bakin rafi ana ta ƙwala wa Jacob kira, ƙugin ruwa ya haɗiye muryoyin. Maza biyu suka hau babur suka bi dogon zagaye ta wani ƙauye, laka ta riƙe su a hanya. Sai washegari da yamma Mato ya isa asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ƙafar ta riga ta lalace, sai da aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Ban ga Rita ta yi kuka ba a lokacin. Bayan an sallamo shi, wata Asabar ta ce in raka ta kan dutsen da ke bayan gari. Muka hau muna haki. Daga sama ta nuna mini can nesa, inda rufin kwanon gidajen Kwali ke ƙyalli a rana.

"Malama, kin gani? Meshach yana can da mota. Jacob yana can da jirgi. Ina ganin wurin da idona, magana ne kawai ya rasa hanya."

Ta ce tun suna asibiti take tuna masu gadin Gwarinpa da oba-obarsu, yadda suke magana da juna daga wannan ƙofa zuwa waccan, babu kati babu sabis. Idan maigadi zai iya, ita ma za ta iya. Ba shawara take nema a wurina ba, ta riga ta yanke.

Ta koma wurin tsohon oganta na Gwarinpa ta tambaye shi ko ya san wanda ya san harkar. Ya tura ta wajen wani kwastomansu, Baba Abdulmajeed, tsohon injiniyan sadarwa da ya yi ritaya, wanda rufin gidansa ke cike da eriyoyi kamar ƙayar kifi. Ita ta ba ni labarin zuwan bayan ta dawo. Ta same shi a baranda yana liƙa wata waya da dalma. Ya saurari labarin Mato har ƙarshe bai katse ta ba. Sannan ya gaya mata cewa irin ta masu gadi ba za ta kai inda take so ba, domin an yi ta ne saboda cikin gida ɗaya ko layi ɗaya. Akwai wata iri, ya ce, ta masu sha'awar rediyo, waɗanda ake ce wa 'yan ham. Tasu ta fi ƙarfi, ana iya sauya mata eriya, amma ba a magana da ita sai da lasisin hukuma, sai mutum ya yi karatu an gwada shi an ba shi lambar kira tasa. Ba a ciniki a kanta, ba a zagi, kuma duk mai irinta zai ji abin da ka faɗa.

Rita ta ce duk ta yarda, ya faɗa mata sunan wadda za ta saya kawai. Ya ƙi. Ya shiga ɗaki ya fito da nasa na hannu ya jera a tebur, ya ce ta ɗauki kowace ta ji nauyinta. Sai ya fara yi mata tambayoyi, ko akwai wuta a garinsu, wa zai riƙe rediyon, idan ta lalace wa zai gyara. Ta ce wuta sai ta sola. Ta ce ita za ta riƙe, kuma ta san ranar da za ta buƙace ta ana tsuga ruwa ne.

"To kin ba kanki amsa, 'yata," in ji shi. "Ranar da za ki neme ta ita ce ranar da ta fi kowace muni. Ki sayi wadda aka yi don wannan ranar. Ta ajiya a kan tebur tana da yawa a kasuwa."

Ya kuma ja mata kunne kada ta yarda da nisan da ake rubutawa a jikin katan. Muryar irin wannan rediyo a miƙe take tafiya kamar yadda ido ke gani, tudu na tare ta, tsayi na taimakonta. Da ta gaya masa daga kan dutsensu ana hango Kwali, sai ya tafa hannu ya ce ai rabin aikin ya ƙare.

Ranin nan gaba ɗaya a karatu ta cinye shi. Baba ya ba ta takardu, takan baje su a kan kanta tana dubawa idan babu mai saye, lokaci-lokaci ta je Gwarinpa ya yi mata bayanin inda ya shige mata duhu. Meshach da farko ya noƙe, ya ce shi direba ne, ya bar aji tun tuni. Ta ce masa rediyo ɗaya ba ta magana da kanta, dole a samu mai amsawa a ɗaya gefen, kuma ba ta da wani a Kwali da ya wuce shi. Ya riƙa karatu a tasha yana jiran lodi, har abokansa suka laƙaba masa injiniya. Su biyun suka ci gwajin, aka ba kowa lambarsa.

Ana gab da faɗuwar damina muka tafi Mararaba, ni da ita da Meshach, saboda Baba ya ce akwai 'yan kasuwa a can masu shigo da kayan sadarwa. Ta ɗebo kuɗin da take tarawa don sayen firij ɗin shago, ta ce firij zai jira. Gosulo ya riƙe mu a hanya, ba mu isa ba sai da rana ta ɗaga.

A shagon farko wani matashi ya fito mana da wata baƙa mai sheƙi, allonta mai launi, madannanta birjik kamar na kwamfuta. Ya ce daga nan za ta kai Kaduna. Meshach ya ƙyasa, yana ta shafa ta. Rita ta karɓa ta juya ta, ta sa farce ta taɓa murfin wurin caji, sai ga shi ya ɓalle ya faɗo. Ta tambayi matashin ko ruwa na shigarta, ya rantse ba ya shiga. Ta ce to a kawo bokiti mu gani. Ya karɓe kayansa ya mayar cikin gilashi, ya ce mu duba gaba.

Haka muka yi ta shiga muna fita. Kowa da bakinsa rediyonsa ba ta jin ruwa, amma da an ambaci bokiti sai fuska ta sauya. Na gaji har na fara tunanin mu haƙura, ita kuwa ko a jikinta. Can ƙarshen layi muka isa shagon Alexander, wani dattijon Ibo haifaffen Kafanchan, mai Hausa kamar jakin Kano. Ya bar ta ta gama bayaninta, ya shiga lungu ya fito da wata rawaya mai nauyi, jikinta roba mai kauri, allonta ɗan ƙarami baƙi da fari. Ya ce ta daɗe a shago, ba ta da farin jini, ga tsada ga muni. Ya nuna mata yadda aka ɗaure murfin wurin caji da noti, ya cire batirin ya nuna mata zoben robar da ke kewaye da shi don hana ruwa da ƙura. Rita ta kunna ta, ta duba ko tana kama mitocin da lasisinta ya ba ta izini. Tana kamawa. Sai ta leƙa waje ta tsayar da mai ruwa da ke wucewa da kurarsa, ta ari bokiti a wurin mai abincin da ke gefe, ta sa aka cika shi.

"Oga Alex, za ka yarda in sa shi a ruwa?"

Ya dubi bokitin. "Madam, idan ta mutu fa?"

"Idan ya mutu a nan, kai ka yi hasara. Idan ya mutu a garinmu, mutum ne zai mutu tare da shi. Idan ya fito da rai, biyu zan ɗauka."

Ya ce ta saka.

Ta nutsar da ita a kunne. Kafin ka ce me, maƙwabtan shago da 'yan acaɓa sun kewaye mu. Rita ta sayi fiya-wata ta zauna a benci tana sha a hankali, ba ta ko kallon bokitin. Alexander ne ya kasa zama. Ta sa ya fito da ta biyu, ta ba Meshach ta ce ya tafi can bakin titi. Sai da ta shanye ruwanta sannan ta tsamo rediyon, ta kaɗe ta, ta danna ta kira lambarsa. Muryarsa ta fito a dushe saboda ruwan da ke cikin lasifika, ta sake kaɗewa, sai ga ta tangaram har da hon ɗin motocin da ke bayansa. Alexander ya sauke numfashi yana dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba, domin Rita ta ɗaga rediyon daidai ƙirjinta ta sake ta a kan siminti. Ya dafe kai ya ce ba su yi da wannan ba. Ta ba shi haƙuri, ta ce ranar tashin hankali hannunta zai yi rawa, gara ta sani tun yanzu. Gefe ɗaya ya ɗan karce, rediyon kuwa tana aiki. Daga nan ta zaro safar hannu ta roba daga jakarta ta sa, ta rufe ido, ta laluba. Ta samu wurin ƙara murya, ta samu wurin dannawa a yi magana, ba ta yi kuskure ba. Abin da ya hana rediyon farin jini, wato ƙarancin madannai, shi ya burge ta.

A kan batir ta fi daɗewa. Ta ɗauki na ajiya, ta ɗauki cajar da ke aiki da sola da kuma mota. Ta tambaya ko akwai akwatin da ake zuba wa ƙananan batura irin na tocila, wanda Baba ya nuna mata a gidansa, domin idan an yi kwanaki ana hadari sola ba ta ja, amma batirin tocila ko a tireda ta ƙauye akwai shi. Alexander ya ce babu a shago, zai aika a kawo daga Legas. Ta ce sai ya iso za ta dawo ta karɓa, kuma ta dawo. A hanyar komawa Meshach ya sake tayar da zancen baƙar nan mai allo, ta ce idan ado yake so ya saya ya riƙa ratayawa a tasha.

Ranar da aka fara gwadawa daga ƙofar shagonta, ba a ji komai ba sai shuuu. Masu kallo suka fara murmushi. Rita ba ta damu ba, ta ce an gaya mata haka za a yi. Ƙarshen makon Baba Abdulmajeed ya zo Kwali da kansa, duk da ciwon gwiwarsa. Da izinin mai gida, shi da Meshach suka kafa doguwar eriya a kan bututun ƙarfe a saman ɗakin da Meshach ke haya, suka jawo waya zuwa ciki. Daga kan dutse magana ta fito kamar mutum na gefenka. Rita ba ta tsaya nan ba, ta yi ta zagaya gari tana gwadawa, filin makaranta, bakin rijiya, hanyar gona, har ta gano cewa a bayan coci, gindin wani mangwaro, ana ji sosai ba sai an hau dutse ba. Suka yi alkawari da Meshach za su riƙa kiran juna safe da yamma don a tabbatar komai na aiki, duk ranar da hadari ya haɗu kuma kowa ya bar tasa a kunne.

Sai ƙananan maganganu suka taso a gari. Wasu suka ce oba-oba kayan jami'an tsaro ce, wasu suka ce ta 'yan bindiga ce, kuma ko ta wace ce za ta iya jawo wa gari fitina. Ba a ga laifin masu tsoron ba, zamanin ne ya zo da haka. Sarkin gari ya aika aka kira ta. Ta tafi da lasisinta da rediyon, Mato ya bi ta da sandunansa. Ta yi wa dattawa bayani da Gbagyi, ta kai su gindin mangwaro ta kira Meshach, suka ji da kunnensu yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Mato bai yi dogon zance ba, ya ce da akwai wannan abu bara, da yau da ƙafarsa ya zo. Sarki ya ce ta ci gaba, amma kada ta riƙa yawo da ita a fili a hanyar daji. Ta ga gaskiyarsa, ta sa tela ya ɗinka mata jaka.

Matar telan nan, Nabilah, ita ce ta fara cin moriyar abin da gaske. Cikin watan Satumba ne. An gyara ƙarfen sabis tun tuni, amma ya koyi ɗaukewa duk lokacin da ruwa ya yi ƙarfi. Ran nan tun safe ake zuba shi, gada ta nutse, waya ta zama hoto. Nabilah ta haihu a gida da hantsi, yaro lafiyayye, sai jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta aika aka kira Rita, ni ma na bi ta saboda an sallami ɗalibai. Ta yi mata allura, ta murza mata mara, ta sa mata ƙarin ruwa. Jinin ya ragu amma bai tsaya ba, leɓen matar ya fara yin fari. Rita ta miƙa mini ledar ruwan ta ce in riƙe ta sama, ta gaya wa ungozoma kada ta daina murzawa, ta ce wa mijin ya tara maza su cire ƙyauren ɗaki su shimfiɗa katifa a kai. Ta ɗauki jakarta ta fita cikin ruwan.

Abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi. A gindin mangwaro ta kira ba amsa, saboda Meshach yana tasha, ba ya kusa da doguwar eriya, 'yar ƙaramar ce a jikin tasa. Ta nufi dutse. Hanyar ta zama santsi, ruwa na gangarowa ta kanta. Ana kusa da sama ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan gwiwa, rediyon ta kuɓuce ta bugi dutse ta gangara cikin wani kwatami mai laka. Ta rarrafa ta ɗauko ta. Eriyar ta lanƙwashe. Ta miƙar da ita da hannu, ta goge lasifikar da bakin zani, ta ƙarasa hawa, ta faɗi lambarsa da tata kamar yadda aka koya mata. A kira na biyu ya amsa.

"Meshach, mace ya haihu, jini bai tsaya ba. Ka tura Jacob bakin gada yanzu. Ka faɗa wa asibiti su nemi jini. Kai ka tsaya da mota a tsallake."

"Na ji ki, Mama. Sauko a hankali."

Lokacin da muka isa bakin rafi da Nabilah a kan ƙyaure, an rufe ta da leda, kwalekwalen Jacob ya riga ya kai tsakiyar ruwa. Na tsaya ina kallonsa yana tahowa. Aka saka ta, aka saka mijin da jaririn a ƙirjinsa. Rita ta shiga ta durƙusa, hannu ɗaya na riƙe da ledar ruwa a sama, rediyon na rataye a wuyanta, gwiwarta na jini. A ɗaya tsallaken muna hango akori-kurar Meshach a juye, bayanta a buɗe.

Daga nan mu da muka rage a gari muka shiga duhun labari. Rediyo biyu ne, kuma duka sun koma Kwali. Mahaifiyar Nabilah ta zauna a bakin rafi har magariba ta ƙi tashi, sai da aka lallashe ta. Musulmi suka yi addu'a a masallaci, Kirista suka yi tasu a coci. Sai washegari da rana Jacob ya dawo da Rita. Ta ce an ƙara wa Nabilah jini, ta farfaɗo, har ta shayar da ɗanta. Mata suka yi guɗa, wasu suka rungume ta.

Na ɗauka za ta zauna ta huta ta ji daɗin abin da ta yi. Muna shiga shago ta cire batirin rediyon ta duba ciki, babu ɗigon ruwa. Ta wanke lakar da buroshin haƙori, ta ce eriyar sai an sauya. Sannan ta ce mini shirin nata da gyara, domin da zarar ta tsallake rafi garin ya sake zama bebe, kuma da wani abu ya sake faruwa jiya da ba mai kira. Ana buƙatar mutum na uku, wanda ba ya barin gari da damina, wanda ya iya karatu. Tana faɗa tana kallona.

Na ce ni malamar firamare ce, ban san komai a kan na'ura ba. Ta ce ita ma da paracetamol ta sani. Ta jawo takardun Baba daga ƙarƙashin kanta ta ɗora mini a cinya.

Yanzu mu uku ne ke zama a shagonta duk Asabar da yamma: ni, da katikis, wato malamin cocin ƙauyen da ke gaba da mu, da wata ƙanwar Jacob da ke sayar da kifi. Rita na koya mana tana sallamar masu sayen magani, ta tashi ta ƙirga wa wani ƙwaya, ta dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tunda ba mu samu lasisi ba tukuna, da rediyon a kashe muke gwaji. Takan ba ni ita ta ce in ɗauka gobara ta tashi a bayan makaranta, in kira Kwali. Makon jiya na danna na fara da sallama, na tambayi Meshach gida da iyali da gajiya da ruwa. Ta bar ni na kai tsakiya sannan ta ɗaga hannu.

"Malama, gaisuwar Kano ya yi tsawo. Makaranta yana ƙonewa, batir yana ƙarewa. Sake daga farko."

Na sake. Katikis yana ta dariya, ta juya ta ce masa ya shirya, shi ne na gaba.